Tiren Kaka Mai Jan Zakara

Akwai wani lungu a tsakiyar birnin Greensboro, a nan ƙasar Turawa, da nake zuge gilashin mota duk lokacin da zan bi ta cikinsa, ko da sanyi ake zubawa. Wasu samarin Turawa masu gemu ne suka buɗe ɗan gidan dafa giya a wurin, kuma ranar da suka ɗora tukunya ƙamshin tsiro yakan cika titi, wato hatsin da aka jiƙa ya fito da baki sannan aka dafa. Su a ganinsu sabon abu suka ƙirƙiro. Ni kuwa da na shaƙa sai in ga kaina a tsugune bayan ɗakin kakata, hayaƙi yana cin idona, ina tura itace ƙarƙashin tukunyar da ta fi ni tsawo.

Bari in gaya muku tun da wuri, ban taɓa shan giya ba, don na san abin da ake faɗa a kaina. Amma in kuka shigo garejinmu a Pleasant Garden za ku tarar mota ba ta da wurin kwana. Bango duk tire-tire ne na ƙarfe masu tallan giya irin na da, da allunan da tsatsa ta ci gefensu, da mabuɗan kwalba iri-iri, da kofuna masu hannu, ga murafen kwalba cike da bokiti. Ranar Asabar in ba ni da aiki, ina kasuwar tsofaffin kaya, ko ina ƙofar gidan da wani tsoho ya mutu 'ya'yansa suka fito da tarkacensa suna neman kai da shi. Tsofaffin Turawan da ke wannan harka duk sun san ni. Maigidana yana cewa ni kaɗai ce mashayiyar da ba ta sha. Matan zumunta a cocinmu kuwa addu'a suke yi mini, irin addu'ar nan da ake ɗaga murya don wadda ake yi wa ta ji da kunnenta.

Duk wannan tarin, tire ɗaya suke yi wa rakiya. Yana tsakiyar bango, zagayayye, da hoton jan zakara a tsaye kan ganga, gefensa ɗaya a lotse. Kamfanin da ya buga shi ya daɗe da rufewa a can gida. Wani tsohon Bature ya yi ta bi na in sayar masa har ya gaji. Ranar da na fara nuna masa, safar hannu ya sa kafin ya taɓa, ya juya shi a hankali yana ta jinjina kai. A ranar ne na ce ashe akwai ƙasar da ake girmama abin da aka wulaƙanta mu a kansa, kuma daga ranar na fara tarawa. Tiren na Kaka ne, uwar mahaifiyata.

Kaka burkutu take dafawa. A ƙauyenmu ba wanda bai san gidanta ba. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ubana ma ya rasu mahaifiyata ta dawo gida da mu, to duk bakunan nan tukwanen Kaka ne suka ciyar da su. Da su kuma aka yi wa Kawu karatu, ƙanen mahaifiyata, ɗanta namiji tilo, tun daga firamare har makarantar horon malamai. Bayan an yi girbi, dawa ta yi araha, gidanmu ba ya hutawa. A jiƙa, a shanya a rufe da ganye har ta tsira, a busar a kan dutse, a kai niƙa, a dafa, a bari ya yi tsami, a sāke dafawa, a tace. Dusar kuma ta aladu ce, shi ya sa aladun Kaka suka fi na kowa sheƙi. Ni aikina itace da korar kaji daga shanya, ladana kuma ruwan zaƙin da ake ɗiba kafin a sa masa yisti, wanda ko jariri zai iya sha.

Tiren wani direba ne ya ba ta. Giyar kwalba yake dakonta daga birni zuwa garuruwa, amma shi kansa ba ya shanta, wai ruwan wanka ce. Sai ya ajiye babbar motarsa a bakin hanya ya tako har gidanmu. Wata rana ya zaro tiren daga bayan kujerarsa ya ce, “Mama, giyarki ta fi ƙarfin a ɗauko ta a hannu.” Kaka ta yi ta dariya, amma daga nan ba ta ƙara miƙa wa dattijo ƙoƙo ba sai a kan tiren. Toka take sa wa ta goge shi, ba ta yarda a sa masa yashi, kada zakaran ya goge.

Akwai wata al'ada tamu da dole in bayyana muku, don a kanta komai ya tsaya. A wajenmu ba a miƙa wa mutum abin sha sai mai miƙawa ya fara kurɓa a gabansa. Sa baki muke ce masa, tsofaffi kuma su ce cire dafi. Ma'anarsa, in da mugun abu a ciki, ni zai fara kashewa. Ko ruwan randa ne, baƙo zai riƙe ƙoƙon yana jira har sai kin karɓa kin sa baki kin mayar masa. Kaka ba ta shan giya. Leɓenta kawai take jiƙawa, ta goge da gefen zane, ta miƙa. Tsohon faston da ya yi mata baftisma ya san da haka, ya kuma san yawan marayun da ke gidan, sai ya kau da kai. Kaka ba ta fashin coci, kuma ranar Jibin Ubangiji tun da asuba take wanka ta ɗaura zanen da ba ya jin warin hayaƙi. A lokacin ƙoƙo ɗaya ne ake zagawa da shi, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na gaba. Ta sha gaya mini cewa a duk wata wannan ne kaɗai ƙoƙon da ake miƙa mata ita ma.

Sai Kawu ya gama karatu ya dawo da takalmi sau-ciki da laima. Tsohon fasto ya tafi, aka kawo sabo, aka zo neman dattawan ikilisiya, Kawu kuma yana so duk da ƙuruciyarsa. Abin da ya tsaya masa shi ne ana cewa ɗan mai giya ne. To, maimakon ya ce i, shi ne, kuma da ita na zama mutum, sai ya zaɓi ya wanke kansa da uwarsa.

Ina cikin cocin ranar, a kan tabarmar yara. Damina ce, kwanon rufi yana ta ƙara, sai da ya ɗaga murya. Ya miƙe ya ce shi ba zai ɓoye zunubi ba ko da a cikin gidansu yake. Ya ce, “Na gani da idona, ba ƙoƙon giyar da ke fita sai ta sa masa baki. Bakin da ke cikin ƙoƙon giya ba zai taɓa ƙoƙon Ubangiji ba.” Na waiga na ga Kaka tana kallonsa, ba da fushi ba, irin kallon da take yi masa in ya dawo makaranta ya rame. A ranar aka sa ta ƙarƙashin horo, wato ta koma bencin baya, kuma ba za ta ƙara cin jibi ba sai ta tuba. Ba a daɗe ba aka naɗa Kawu dattijo.

Ta gwada, kada ku ce ba ta gwada ba. Ranar kasuwar da ta biyo baya ta miƙa giya ba ta sa baki ba. Mutanen da suka shekara da shekaru suna sha a hannunta suka riƙe ƙoƙuna suna kallon juna, ɗaya bayan ɗaya suka ajiye suka fita. Ba ƙinta suke yi ba, ba a yi ne kawai. Giyar ta yi tsami aka zubar, muka wuni da gasasshen rogo. Mako na gaba ta sa baki. Abin da ta ce da mahaifiyata ke nan: “Allah ya san abin da ke shiga cikina. Yaran nan kuma ba za su ci bencin gaba ba.”

Duk ranar jibi, idan aka zo wurin, sai fasto ya ce waɗanda ke ƙarƙashin horo su fita. Kaka ta tashi da zanenta mai tsabta, ta bi ta gaban kowa, ta je ta zauna a gindin mangwaron da ke harabar coci. Ni kuma in sulale in bi ta. Daga nan muna jin waƙar da ake yi a ciki, tana bi a hankali, ta san kowane baiti. Kuma kun san wa ke zagawa da ƙoƙon a ciki? Kawu. Ta taga nake hango shi, ya sunkuyar da kai kamar wani waliyyi. Mangwaron ya yi fure ya zubar, ya yi 'ya'ya muka jefe su, ya sāke yi, har na fara ƙirgar dangi, Kaka tana nan a gindinsa.

A ƙarƙashin horo ta mutu. Ba a shigar da gawarta coci ba, matan zumunta ba su ɗaura zanensu na ƙungiya ba, fasto ya aiko a ce yana da tafiya. Mashayanta ne suka haƙa kabarin, su suka ɗauke ta, direban nan ma ya zo ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Kashegari Kawu ya shigo da taɓarya ya farfasa tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana ambaton sunan Allah. Da ya zo kan tiren, ya buga shi da dutsen murhu, ya wurga shi cikin garken aladu ya ce su ci dusa a kai. Da ya fita na shiga na ɗauko, na wanke da toka, na ɓoye a ƙasan akwatin mahaifiyata. Da shi na tafi makarantar kwana, da shi na tafi gidan miji, da shi na hau jirgi.

Ga abin da zai ba ku mamaki, ni kuwa ya daɗe yana ba ni haushi. Kawu har tsufansa bai taɓa shan abu daga hannun kowa ba sai an sa masa baki. Shayin safe ma sai matarsa ta kurɓa. Wai maƙiya sun yi masa yawa. Abin da ya kori uwarsa a kansa, shi yake rayuwa da shi kullum, kuma bai taɓa ganin abin kunya a ciki ba.

Duniya ta juya, ɗansa ya yi arziki a nan, ya sayi ƙaton gida a Summerfield kusa da masu kiwon dawaki, ya ɗauko iyayensa. Matar Kawu ta rasu bara. Sai ga mu a coci ɗaya, ni da Kawu, a zauren da muke haya a bayan shagunan Wendover, shi a kujerar gaba ana ce masa Baba. Nakan durƙusa in gaishe shi, ya ce, “'Yar nan, na ji labarin garejinki. Jini ba ya ƙarya.” In ce, “Haka ne, Kawu.” Na ƙi shi, ba zan ɓoye muku ba. Amma na ce tsoho ne, ƙasar mutane ce, in bar shi da Allah.

Da ya bar ni da na bar shi. Sai aka tashi yi masa bikin godiya na cikar shekaru, jikokinsa suka haɗa bidiyon tarihinsa, babbarsu ta turo mini a waya don in duba ko sun rubuta sunan ƙauyenmu daidai. Yarinya ce mai hankali, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Na zauna na kalla. Ga Kawu cikin babbar riga yana ba su labari da Turancinsa na malaman da, wai mahaifiyarsa hatsi take sayarwa, kuma shi ya riƙe hannunta a cikin bangaskiya har ta cika da salama. Na mayar baya na sāke ji. Ya raba ta da ƙoƙo tana da rai, yanzu kuma zai raba ta da sana'arta tana kabari, 'ya'yan jikokinta su tashi ba su san hannun da ya ciyar da su ba. Sai na kira matar ɗansa na ce kunun biki a bar mini. Ta yi ta godiya, don kowa ya san kununa da tsiro nake yi, irin na Kaka.

Ranar Asabar ce da rana, an kafa rumfa a bayan gidan, ciyawa kamar an shimfiɗa darduma. Mutanenmu sun zo daga ko'ina, har da tsofaffin ƙasarmu da 'ya'yansu suka kawo su jinya ko reno. Aka nuna bidiyon aka tafa. Kawu ya yi jawabi, ya ajiye lasifikar a kan tebur a gabansa bai kashe ba. Na gani. Na je mota na kwance tiren daga cikin tawul, na ɗora ƙoƙon duma a kai, na cika shi da kunu, na taho a hankali ta tsakiyar jama'a. Na durƙusa har ƙasa kamar yadda aka koya mana, na miƙa.

Ya ɗauki ƙoƙon yana murmushi, ya ɗan miƙo mini shi yana jira. Ban karɓa ba.

“Sa baki mana, 'yar nan,” in ji shi.

Na ce, “Kawu, bakin gidan giya ne da ni. Kada in ɓata maka.”

Muryata ta fita ta lasifika har can wajen masu gasa nama. Tsofaffi suka daina tauna. Jikar nan tasa ta matso za ta karɓa, don ita ke yi masa tun rasuwar kakarta, a zatonta zafi take duba masa. Na ce mata da Turanci ta dakata, yau na gida ne za su yi. A lokacin ne idon Kawu ya sauka kan tiren. Na ga sanda ya gane shi. Ya sa babban yatsansa a inda ya lotse, ya shafa, ya sāke shafawa. Mutumin da ya yi shekaru yana wa'azi ya fi ni sanin labarin almajirin da ya yi musun Ubangijinsa kafin zakara ya yi cara, ba sai na tuna masa ba.

Ga kunu a hannunsa, ga jama'a. Ya sha haka nan, ba zai iya ba. Ya ajiye, kowane tsoho a wurin zai ce ya zargi 'yar 'yar'uwarsa da sa masa dafi a gaban duniya.

Ya ce a hankali, “Don Allah.”

Na ce, “Wa ya koya mana sa baki, Kawu?”

“Iya,” in ji shi. Haka yake kiran Kaka.

“Me Iya take sayarwa?”

Ɗansa ya taso yana cewa, “Anti, please, ba yanzu ba.” Wata tsohuwa 'yar ƙauyen da ke kusa da namu ta daka masa tsawa ta ce ya zauna, manya na magana. Kawu ya daɗe yana kallon zakaran. Gwiwoyina suna ciwo, amma da za a kai gobe a haka da na kai.

“Giya,” ya ce. “Burkutu take dafawa. Da shi na yi karatu. Ba ta sha. Baki kawai take sawa. Ni na tsaya na ce a hana ta jibi.”

Jikar ta ce a fassara mata, tsohuwar nan kuwa ta fassara mata tas, har da ƙari. Sai na karɓi ƙoƙon na kurɓa, na goge leɓena da gefen zane, na mayar masa. Ya sha. Na ɗauki tirena na naɗe a tawul na tafi gida, ko kek ban jira ba.

An ce na ɓata biki, an ce na tozarta tsoho, fasto ya zo har gida ya yi mini nasiha a kan gafara yana satar kallon bangon gareji. Na ba shi kunu, na sa masa baki. In kuna jira in ce na yi nadama, ku nemi kujera ku zauna. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Daɗi na ji, irin daɗin da ban taɓa ji ba tun ina yarinya. Jikokin sun gyara bidiyonsu, babbar kuma ta zo garejina ta wuni tana tambaya yadda ake jiƙa dawa. Kawu ya aiko ɗansa wai in ba shi tiren ya ajiye a ɗakinsa. Na ce a gaya masa ai ya riga ya bayar da shi ga aladu, a wurinsu na karɓa.

Yanzu komai ya canza. A cocinmu na nan ba a zagawa da ƙoƙo ɗaya. Kowa da ɗan kofinsa na roba, a liƙe daga kamfani, ka ɓare ka sha ka jefa a kwando, bakin wani bai taɓa na wani ba. Ba bencin baya, ba wanda ake cewa ya fita. Nakan riƙe nawa in ce da haka ake yi a ƙauyenmu, da Kawu bai sami abin faɗa ba, ko da yake na san shi, da ya nemo wani.

Tun bayan bikin, duk ranar jibi, da an fara raba kofunan sai Kawu ya dogara sandarsa ya tashi daga kujerar gaba. Ba wanda ya sa shi horo. Yakan bi ta gaban kowa ya fita, ya zauna a kan wani benci a gindin 'yar bishiyar da ke wurin ajiye motoci. Daga inda nake zama ina hango shi ta taga, leɓensa yana bin waƙar da muke yi. Maigidana yakan taɓa ni ya ce, “Ki je ki shigo da shi mana, ke yake jira.” Na sani. Wata rana wataƙila in je. Amma mangwaron can ya yi 'ya'ya ba sau ɗaya ba Kaka tana gindinsa, wannan bishiyar kuwa ko ganye ba ta zubar ba tukuna. Sai in ɓare kofina in sha.